Waƙar Indiya Da Na Ce Ta Kakata Ce

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili da masu karatu. Ku sakaya sunana da na ƙauyenmu, ya isa ku san muna yankin Managil a ƙasar Sudan. Don Allah kada a yanke mini hukunci kafin a ji ƙarshe, wa'azin da ake yi a garinmu kwanakin nan ya ishe ni.

Ina da aminiya, bari in kira ta Amna. Tare muka tashi, gonakin audugar mazanmu ma suna maƙwabtaka. Ita ce mai waƙar biki a garin, in ta ɗauki gangarta dalluka ba mai iya zama. Bara na kai 'yata asibiti a birnin Madani na sauka gidan yayana, sai shi da matarsa suka ja ni sinima. Mijina ɗan liman ne, na kuma san abin da ake cewa a kan macen da ta taka wurin, amma na lulluɓe da tobina, babban mayafinmu na nan, na bi su. Fim ɗin Indiya ne na wasu ƙawaye biyu 'yan ƙauye. Ba na jin Indiyanci, fassarar Larabcin da ake rubutawa a ƙasa kuma gudu take, amma wallahi ban rasa komai ba. An yi wa ɗaya ƙazafi gari ya juya mata baya, ɗayar ta miƙe gaban dattawa ta faɗi gaskiya, aurenta ya mutu a kan haka. Akwai waƙar da suke yi a bakin rijiya, wannan ta ja murya sama siririya, waccan ta karɓa daga ƙasa, sarewa na bi tsakaninsu. Da aka raba su sai ɗaya ta sake yin ta ita kaɗai, inda ya kamata a amsa mata sarewa ce kawai ke amsawa. Na yi kuka har na jiƙa tobina, don ni da Amna nake gani.

Da na dawo muryar ta ƙi barin bakina. Muna cirar auduga ina rera ta, Amna ta tsaya ta ce ina na samo wannan? Ga mata a layin kusa sun baza kunne, sai na ce ta kakata ce, da ita suka taso daga Sakkwato. Amna ta ɗora mata kalmomin Hausa, ta fito da ita a bikin farko bayan kaka, ni ce ma mai amshi. Ku zo ku ga tsofaffi suna kuka! Inna Kulu, wadda ba a motsi a garin sai ta sa baki, ta rantse cewa da wannan waƙa uwarta ke lallashinta a kan hanyar gabas. Na sami damar gaya wa Amna gaskiya sau da yawa, ban yi ba. Ina jin kunyar faɗi, amma daɗi nake ji ana yabon kakata.

Watan jiya wani direban lori ya tsaya kasuwa da rikoda, ya sa kaset, sai ga waƙarmu da bakin Indiyawa. Wa ya fara ganewa? Maza! Ɗan Inna Kulu ne ya faɗi sunan fim ɗin har da na 'yan wasan. An tambaye shi ina ya sani? Ko mutum ɗaya. Su je Madani sayar da dawa su biya sinima, ba laifi, amma mace ta rera abin da suka kalla, shi ne garin zai kife? Inna Kulu da ta jiƙa mayafi da hawaye yanzu cewa take tun farko ta ji ƙamshin kafirci a waƙar. To uwarki da ke lallashinki da ita fa, a Bambai ta Indiya aka haife ta? Mijin Amna ya fasa dallukar, ya tura ta gidan ubanta ba tare da yaranta ba, ya ce ba za ta dawo ba sai ta faɗi wanda ya kai ta sinima. Matar da ba ta taɓa wuce Managil ba.

Na je na same ta tana tankaɗe. Haushi nake ji, har da nata, don da ta tona ni da na huta. Na ce, "Mi ya hana ki faɗi sunana?"

Ta ce, "Ke kika yi mani ƙarya, ya ukhti 'yar'uwata, ba ni na yi maki ba. Sunanki ba ya fita bakina. In kina faɗi, ki faɗi da naki bakin." Ta ci gaba da tankaɗenta, can ta ce in dai gaya mata, tunda ni na gani, yaya ƙawayen nan suka ƙare?

Na ce na manta.

Ban manta ba. Na san wadda ta miƙe, na san abin da ta rasa. In na yi magana, ɗan liman ba zai tsaya jin bayani ba, kuma ni ma ina da yara. In na yi shiru, ƙaramin Amna kullum yana bakin ƙofata yana tambayata yaushe uwarsa za ta dawo. Jama'a, me zan yi?