Bugun da Baba Yake Jira

Raliya,

Na iske kina barci, ban so in tashe ki ba. Na tafi Illo.

Jiya da kika fita neman magani, na ci gaba da karanta wa Baba tsohon littafinsa, sai na tarar gara ta cinye babi biyu na ƙarshe. Na ruga kasuwa na sayo sabon bugu mai koren bango, na 'yan makaranta. Ashe taƙaita shi suka yi, duk kalmomin da ke ba mu wuya sun cire. Ni har daɗi na ji. Ban gama shafi guda ba Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Maliki, wanga ba shi ne ba. Wa ya tauna maka shi?" Ya juya fuska ga bango, ko kunu ya ƙi sha.

An ce abokinsa Malam Albashir na Illo yana da bugun farko. In ya bar shi wajen ɗansa a ƙasar Benin, zan ƙetara iyaka.

Ki ɓoye koren. In Baba ya farka ya nemi karatu, ɗauko tsohon, ki koma baya, inda jarumin ya bar gida. Kalmar da ta gagare ki, tambaye shi, yana son gyara.

Kin ji abin da likita ya ce jiya. Baba kuma ya gaya mini ƙarshen littafin nan kaɗai yake jira. Don Allah ki karanta a hankali, kada ki kai wurin gara kafin in dawo.

Yayanki Maliki