Mazan Dabino Bakwai

Dutse,
8 ga Janairu, 2001.

Zuwa ga maigidana Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Kaduna. Yaya sanyin can, yaya kuma gwiwar taka? 'Yarmu Afra'u da jaririnta suna lafiya, ta gama wanka, na baro su a Kiyawa shekaranjiya. Tana gaishe ka.

To, na sauke gaisuwar da ke wuyana. Yanzu ka gyara zama.

Jiya da hantsi na je garkar dabinon da Baba ya bar mini, wadda na damƙa a hannunka bara da ka yi ritaya, don kada zaman gida ya sa maka hawan jini. Tun daga bakin hanya na ga sararin sama ya yi yawa. Da na shiga sai na tarar da kututture bakwai. Sau biyu na ƙirga, Alhaji, ina cewa idona ne. Mazan dabinon garkar nan kaf ka sa aka sare, har da babban na bakin rijiya wanda Baba ya dasa shekarar da aka haife ni. A jikin ƙyaure kuma ga igiyar hawan dabino ta Baffa Bubayero mai kula da garkar a rataye. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin igiyar nan ba mai ita ba.

Ban yi kuka a can ba, don leburori suna kallona. Na dawo gida na buɗe littafin nan naka mai baƙin bango, wanda ka cika da rubutu a taron gogaggun 'yan kasuwa na Kano, taron da ka ishe mu da labarinsa wata guda. Ka yafe mini bincike. A shafi na huɗu na kama mai laifin. Ka rubuta cewa wani attajiri mai kamfanin katifa ya ce duk reshen da ba ya kawo amfani a datse shi, kuma shugaba ba ya jiran kowa kafin ya yanke hukunci. Har layi biyu ka ja a ƙarƙashi da jan biro. Alhaji, mutumin nan katifa yake yi. Katifa ba ta da mace da namiji.

Na san mutumin Ringim ne kai, tumatir da shinkafa ka tashi kana gani, ban ce dole ka san dabino ba. Amma kowace tsohuwa a Dutse ta san namijin dabino ba ya 'ya'ya, kuma ba don 'ya'ya ake barinsa ba. Furensa ake yankowa. Idan ɓawon furen macen ya tsage, sai a hau ta a sa mata sili biyu ko uku na furen namijin a tsakiya, a ɗaure. In aka yi 'yan kwanaki ba a yi haka ba, shi ke nan ta wuce. Sai ta haifo wasu 'yan abubuwa marasa ƙwallo, masu bauri, waɗanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Mata sittin da uku ne a garkar. Jiya na ga huɗu sun riga sun tsage.

Leburorin sun ce Baffa ya gaya maka duk wannan. Ya tsaya a gaban na bakin rijiya ya ce maka, "Alhaji, wannan fa shi ne uban garkar." Kai kuma, a gaban mutanen da ya yi jika da su, ka ce wanda ke aikin wata biyu yana cin abincin wata goma sha biyu ba shi da bakin magana, garka ba gidan gajiyayyu ba ce. Bafulatani ka gaya wa haka, abokin mahaifina. Ya rataye igiyarsa ya fita.

Ga abin da ake ciki. Baffa yana da busasshen furen bara a tulu, kowace shekara yakan ajiye saboda matan da ke riga maza buɗewa. Shi kaɗai zai fid da mu bana. Kai ka kore shi, kai za ka je ka dawo da shi. Falalu direba ne zai kawo maka takardar nan, jibi zai juyo. Ka biyo shi. Karatun shugabancin da kake yi zai jira ka, fure ba ya jira.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Mashkura.


Dutse,
16 ga Janairu, 2001.

Zuwa ga maigidana Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina kuma yi maka fatan alheri. Na ji ka ce gwiwar ta yi sauƙi, alhamdu lillahi, ashe ba ita ta hana ka hawa mota ba. Mu nan lafiya muke, ban da garka.

Falalu ya kawo mini takardunka biyu maimakon kai. Na ga har tafireta ka samu aka buga maka su. Tawa ta ce ba za ka iya barin kwas ba sai ƙarshen wata, saboda takardar shaida, kuma an koya muku cewa shugaba nagari wakilci yake yi, ba ya gudu zuwa kowace ƙaramar matsala. Ta Baffa kuma ka ce in kai masa.

Na kai, don kada a ce ban bi umarni ba. Na same shi a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana tufkar igiyar shanu. Ka manta ba ya karanta boko, don haka ni ce na karanta masa, da bakina. "An sake duba lamarinka, an kuma amince ka koma bakin aiki nan take." Shekara ashirin da uku ina koyarwa, na karanta wa 'yan aji shirme iri-iri, ban taɓa jin kunyar karatu irin ta ranar ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya sa matarsa Inna Mu'minatu ta dama mini fura. Sai da na sha sannan ya ce, "Mashkura 'yar Isah, takarda ce ta kore ni?" Na ce a'a, Baffa. Ya ce, "To bakin da ya kore ni shi zai kira ni." Ya ci gaba da tufkarsa.

Kada ka ce ban nemi wata hanya ba. Hajiya Gaji maƙwabciyar garkarmu ta yanko mini fure daga namijinta, ɗan abin da za ta iya, don ita ma matanta suna buɗewa. Amma wa zai hau? Mahaya uku na bi har gidajensu. Dukansu a hannun Baffa suka koya. Na ƙarshen ya ce, "Hajiya, in na hau itacen da aka sauke Baffa daga kansa, da wane ido zan gaishe shi ran Juma'a?" Wannan babu shi a littafinka, na duba.

Yau da safe na zagaya. Goma sha tara sun wuce, furensu ya yi ja ya fara zuba.

Tunda darasin gogaggun 'yan kasuwa kake nema har Kaduna, bari in ba ka na wanda ka zauna da shi shekara goma sha biyar ba ka rubuta masa layi ɗaya ba. Baba da jaki ɗaya ya fara kai dabino kasuwar Shuwarin, ya rasu ana loda masa babbar mota zuwa Kudu. Bai taɓa zama a otal an raba masa biro ba. Amma lokacin fure, da kansa yake ɗaukar ƙwaryar abinci ya kai gindin itace, ya tsaya da babbar rigarsa yana miƙa wa Baffa silin fure. Ina yarinya na tambaye shi me ya sa, alhali shi ne mai garka. Ya ce, "Watan nan wanda ke sama shi ne mai garka, mu na ƙasa masu riƙon ƙwarya ne." Wata goman da ka ce Baffa yana zaman banza kuwa, a cikinsu yake sare ƙaya, yake kasa kunne a jikin itace ya ji ko ƙwaro ya shiga, yake rage wa wadda ta ɗauka da yawa kada ta karye. Ba ka ga aikin ba ne saboda ba ya hayaniya.

Wani abu kuma. Tunda aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan, ba ka da zance sai tsawon mayafina. Na ƙara masa kamu guda, ban yi musu ba. Amma shari'ar da ta ce in rufe jikina ita ce ta ce gadon ubana nawa ne, miji ba ya taɓa shi sai da yardata. Wancan shafin ba ka ja masa layi ba. Yayana Malam Talha ya ce in na je gaban alƙali ba zan sha wuya ba. Na ce masa ba zan kai uban 'ya'yana kotu a kan itace ba. Ka lura, cewa na yi ba zan kai ka ba, ban ce ba ni da hujja ba.

Kuma da ni ma zan yi aiki da shafi na huɗu, in duba gidan nan in nemi namijin da ya daina kawo amfani tun bara, a ina kake jin gatarin zai sauka? Ban yi ba, don ni na san ba duk mai amfani ne ake ganin 'ya'yansa a ka ba.

Saura arba'in da huɗu. Ka zo, don Allah. Tafiyar yini ɗaya ce da gaisuwa ɗaya.

Matarka,
Mashkura.


Dutse,
27 ga Janairu, 2001.

Zuwa ga Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ina taya ka murna, Falalu ya ce kai aka zaɓa ka yi jawabi ranar rufe kwas, a kan yadda ka rage asara a gonar iyali. Allah ya ba da sa'a. Na ga ya dace in aiko maka da ƙarshen labarin, kada jawabin ya fita da giɓi.

Na jira ka kwana biyar. Kullum da safe ina zagayawa, kullum ana samun waɗanda suka wuce. Ranar Lahadi da na ƙirga talatin da ɗaya, na daina duban hanya.

Na kira Yaya Malam Talha da limamin unguwa da Hajiya Gaji zuwa bakin garka. A gabansu da gaban leburori na ce amanar da na ba ka na karɓe ta, daga ranar babu mai iko da garkar Isah sai 'yar Isah. Na sa aka canja kwaɗo. Shekara ashirin da shida ban taɓa buɗe bakina a kanka a gaban wani ba. Lokacin da dangina suka ce kada in ba ɗan boko garka, ni na tsaya na ce mijina mai hankali ne. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, fiye da itatuwan. Ka sa na zama maƙaryaciya a gaban 'yan uwana.

Daga nan na sauke igiyar daga jikin ƙyaure, na naɗe ta na ɗora a ka, na taka har gidan Baffa. Mutane suna ta kallon shugabar makaranta da igiya a ka, ban damu ba. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baffa, bakin da ya kore ka yau ba shi da garka. Mai garkar ce ta zo, kuma ita ce mai laifi, don ita ta ba da makulli ba ta ce a tambaye ka ba." Ya dubi igiyar. Can ya ce, "Kin naɗe ta baibai." Ya karɓa ya warware ya sake naɗewa. Inna ta shiga ɗaki ta fito da tulun.

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba yana kan itace. Mutumin da ka kira gajiyayye. Da labari ya bazu, mahayan nan uku suka zo da kansu, ba wanda ya aika musu. Ni na tsaya a ƙasa ina miƙa fure, na ɗauki hutun kwana huɗu a makaranta don haka. An ɗaura wa talatin da biyu. Talatin da ɗaya sun tafi, bana babu su. Ka sa wannan a jawabinka, ka ga kusan rabi ne cif, zai yi daɗin faɗa.

Furen tulun ya ƙare ƙarƙaf. Baɗi sai mun roƙa a garkokin mutane, mu da ake zuwa roƙo wurinmu tun zamanin Baba.

Saura abu ɗaya. Da Baffa ya sauko ranar ƙarshe, ya je ya tsuguna a kututturen babban na bakin rijiya, yana tona ƙasa da yatsa. Ya kira ni. A gindin, ta gefen da gatarinku bai kai ba, akwai ɗan tsiro, ganye uku, bai kai kamu biyu ba. Ya ce jinin uban ne, namiji ne shi ma. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya ce in ya sami ruwa safe da yamma, shekara biyar ko shida zai yi fure.

Gidanka yana nan, ɗakinka a share, ba na gaba da kai. Makullin garka dai ba za ka sake riƙe shi ba. Amma na san zaman banza ba ya yi maka kyau, don haka na nema maka aiki, Baffa kuma ya amince, da sharaɗin ka fara zuwa gindin tsamiya ka gaishe shi da bakinka. Tsiron nan naka ne. Shekara biyar za ka yi kana ba shi ruwa bai ba ka komai ba, kuma ko ya kai tsawon ubansa ba zai taɓa haifa maka dabino ko ƙwaya ɗaya ba.

Na saya maka bokiti. Yana rataye a inda igiyar take.

Allah ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Mashkura Isah.