Allurar Rumaisa da Tulun Hajja Batul

Zuwa ga Shugabar sashen horar da ma'aikata ta asibitin unguwarmu, Hayyin Ashir.

Assalamu alaikum, Likita. Ya aiki, ya zafi? Ni ce Maman Rumaisa, mai zuwa da littafi a hannu duk wata. Na biyo maigidana daga Gusau, ya zo karatu nan ƙasar Larabawa. Sai da na haihu uku na koyi rubutu, don haka a yi haƙuri da layina.

Na farko. Rumaisa shekararta tara, tana da ciwon suga, allura ce ke riƙe da ita. Da aka fara ba mu, ma'aikaciyarku mai miƙa magani ta taga ta ce a sa a firji, khalas, wato shi ke nan. Na sa. Amma a Yulin bana, 2014, wuta sai ta ga dama take zuwa, mu kuma muna hawa na ƙarshe, inda rana ke dafa rufi tun hantsi. Firjina ya zama akwatin ajiye tumatir.

Na biyu. Sugan yarinyar ya hau ya ƙi sauka. Ƙishirwa, fitsari, ga rama. Na kawo littafin da nake rubuta awon kullum. Ma'aikaciyar ta duba rubutuna ta yi murmushi, ta ce ƙila ba na karanta lambar sirinji daidai. Na ambaci zafi, ta ce ai mu mutanen Najeriya mun saba da shi. Likita, ni na saba. Allurar ce ba ta taɓa zuwa Gusau ba. Na koma gida na yi kwana tara ina zargin idona, ina sa maigida ya duba min kowane layi, shi ma bai ga kuskure ba.

Na uku. Maƙwabciyata Hajja Batul, Bahaushiyar Sudan, ita ta gano. Ta taɓa kwalbar allurar ta ji ɗumi, ta ce maganin ya mutu. Ta ɗauko ƙaramin tulun ƙasa, irin wanda ake jerawa a bakin titi don masu wucewa su sha. Ta ce a garinsu ɗaure kwalbar ake yi a leda, a sa cikin ruwan tulu, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Muka karɓo sabuwa muka yi haka. Cikin 'yan kwanaki Rumaisa ta dawo da surutunta, har na fara kewar shirun.

Na ji an ce kuna shirya wa manyan likitoci bita a unguwar Ma'adi kan sauyin yanayi da illarsa ga lafiya. Madalla. Tsofaffin unguwa ma suna cewa zafin yanzu ba irin na da ba ne. Sai dai ban taɓa karɓar magani daga hannun babban likita ba.

Roƙona shi ne: a tafi da masu miƙa magani ta taga. A koya musu su tambayi uwa hawa na nawa take, kuma wuta na zama ko ba ta zama. In uwa ta ce zafi, a duba kwalba kafin a duba karatunta.

Ba na riƙe da ma'aikaciyar, ba a koya mata ba ne. In babu mai koyarwa, Hajja Batul ta ce a shirye take, ni zan ɗauko tulun.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya sanyaya mana garin nan.

Wassalam.
Maman Rumaisa, hawa na shida.