Akwatin Kawu Kusa da Miyar Kifi

Bantama, Kumasi

Zuwa ga Yayata Pokuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sassauta muku sanyin Jamus. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, unguwa duk ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma coci, inda take gyara wa mawaƙa kuskure daga kujerar baya.

Sana'ata tana tafiya, idan rarrafe ma tafiya ce. Har yanzu ɗakinki ne shagona. Digirin da na yi a kan lantarki ya ƙare a tsintar ƙananan kaya da hantsaki, ina ƙullawa a leda, ina aika wa samari masu haɗa akwatin jita da hannunsu, ɗan akwatin ƙarfen nan da ake takawa da ƙafa muryar jita ta sauya. In hantsi ya shigo ta taga, kayan kan yi ƙyalli a faranti kamar duwatsun ado, hayaƙin dalma yana tashi a hankali, sai in shagala da tunanin inda kowanne zai je ya yi kuka: wani coci, wani wajen makoki, wani ɗakin saurayin da maƙwabta suka gaji da tsine masa.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Jin kunnen ƙanin Mama, Kawu Twumasi, yana tafiya, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne. Ya zo ya zauna a bakin gadonki, ya ce abu ɗaya yake so kafin duniya ta yi masa shiru: ya sake jin muryar akwatin da ya yi kiɗa da shi a samartaka, wanda aka sace masa a Takoradi. Ya kwatanta min ita, wai kamar ƙudan zuma a cikin tulu, amma ƙudan da aka yi wa rasuwa. Na ce masa ba a koya mana wannan ma'aunin a jami'a ba. Ya ce yo dama me aka koya mana, in ba sa tabarau da raina manya ba.

Irin wannan murya tsofaffin tiransisto ne kaɗai ke ba da ita, masu kama da 'yar hular ƙarfe mai ƙafa uku. Na bi masu gyaran rediyo na kasuwar Kejetia ɗaya bayan ɗaya, na haɗa masa akwati bayan akwati. Kowanne ya taka sai ya yatsine fuska, ya ce ɗiyata, wannan ai akuya ce ta maƙale a shinge. Na san inda na ƙwarai suke, shi ma ya sani, ba dai wanda ya furta. Suna cikin rediyon marigayi Baba, wanda kika ce ko ƙurarsa kada wani ya goge sai Mama.

Mama ce ta raba gardama. Ranar Lahadi ta ɗauko shi da kanta ta dire min a tebur. Ta ce mijinta ya ƙare rayuwarsa yana sauraron surutun mutane ta wannan rediyo bai taɓa tanka musu ba, yanzu a bar shi ya yi waƙa. In cire abin da zan cire kafin ta sake shawara. Na cire guda biyu, na haɗa su a akwatin Kawu. Na daɗe ban ɗago kai ba.

Kawu ya zo da jitarsa da tsakar rana, kwanon ɗaki yana ƙara don zafi. Ya taka, sai muka ji wani gurnani kamar na mai mura. Ya ce ashe na kashe rediyon surukinsa a banza. Abin da ya faru shi ne, tsofaffin tiransisto ba sa shiri da zafi, ni kuwa da sanyin safiya na auna su. Na zare akwatin na sa a firij, kusa da miyar kifi. Mama ta ce ta ga hauka iri-iri a gidan nan, amma yau ta ga na masu digiri.

Da na fito da shi yana raɓa, Kawu ya ɗora ƙafa. Yaya, ban san yadda zan rubuta miki ba. Murya ce doguwa, mai kaushi da zaƙi, ta cika falo har na ga kamar bango ya ja da baya. Mama ta tsaya da taɓarya a hannu, sakwara tana jira. Shi kuwa ya kwantar da kunnensa mai ɗan sauran ji a jikin lasifika, ido a rufe, mu duka muna kallonsa, ba mu san ko tana isa gare shi ba. Can sai ya ce ta kusa, amma ta Takoradi ta fi. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa. Ya yi ta kaɗawa har akwatin ya ɗumama, muryar ta narke, sai ya miƙa wa Mama ya ce, Yaya, a mayar min da shi kusa da miya.

Rediyon ya koma kan kantarsa ƙarƙashin farin ƙyallensa, amma ba zai ƙara magana ba. Ban so ki zo Kirsimeti ki murɗa shi ki ji shiru ba tare da kin sani ba. Idan akwai faɗa, ki aiko min da shi, ni na riƙe dalma.

Ki gaida maigidanki Yaya Oduro, ki shafa min kan Nyamekye da Konadu. Mama tana sa muku albarka. Kawu ya ce ki zo da wuri, yana so ya kaɗa miki tun yana iya jin kuskurensa.

Taki ƙanwa,
Afrakoma