Baƙuwar da Na Mayar Daga Bakin Ƙofa

Cannaregio, Venezia
14 ga Oktoba

Zuwa ga yayata Elvira,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗanki Ruben da iyalinsa da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarki a can Rosario ta Argentina. Yaya ƙarfin jiki, yaya idon da aka yi wa aiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da kwana. Mu nan sai godiya. Ɗana Saverio yana garin Padova da matarsa, yakan leƙo ni ranar Lahadi idan ya tuna yana da uba. Gwiwoyina sun fara gardama da gadoji, amma ba su kayar da ni ba tukuna. Watan jiya aka yi wa matata Dorina addu'ar cika shekara uku da rasuwa a coci, na kunna kyandir biyu, ɗaya a madadinki. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan iyayenmu.

Kafin in shiga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bari in tuna miki wanda yake rubuto miki, don shekara hamsin da ɗaya da rabuwa ba kwana biyu ba ce. Kin san a aji uku na sakandare na ajiye littafi, shekarar da Baba ya rasu. Na yi dakon akwatunan kifi a kasuwar Rialto har kafaɗata ta yi kanta. Na wanke kwanuka a otal ɗin Lido shekara shida, kuma girkin da nake taƙama da shi ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, da wutsiyar ido na ɗauke shi. Ɗakin ajiyar gawayi na samu, mai yoyo ta sama da ta ƙasa, ni na yi masa daɓe, ni na fere teburansa takwas, na mayar da shi gidan abinci. Sau uku ruwa yana shigo mini har ƙugu, sau uku ina kwashe laka in sake hura wuta, ban je ƙofar hukuma ba, ban je ta limamin coci ba. Na karantar da Saverio har ya zama likitan haƙori. Shekara arba'in da huɗu ina ciyar da mutane, ban taɓa ɗora wa kowa kifin jiya a faranti ba. Duk wannan ni kaɗai, sai Allah, sai Dorina.

To, ran Talatar da ta wuce ambulan ɗinki ya iso. Na gane rubutunki tun daga hannun mai kawo wasiƙa, na goge hannu a gaban riga na buɗe. Babu gaisuwa, babu ko layi ɗaya daga gare ki, sai shafin jaridar nan ta ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Argentina. Na juya ambulan ɗin na kaɗa, ko wani abu ya maƙale. Sannan na ga sunan jikarki Noelia a saman shafin, da bayanin da ta rubuta wa masu niyyar zuwa ganin garin kakanninsu, na inda za su ci abinci mai kyau. Wurare bakwai ta lissafa. Na bi su da yatsa sau biyu ban ga nawa ba. A can ƙasa ta ƙara da cewa akwai wani ƙaramin wuri a unguwar Cannaregio, bayan gada ta uku, marar allon suna, wanda aka ce mata duk garin ba kamarsa, amma kada kowa ya wahalar da ƙafarsa, domin mai wurin ba ya ɗaga kai ya dubi baƙo. Ba ta ambaci sunana ba. Yaya, na fahimci saƙonki. Shirunki ya fi zagi ciwo.

Ba zan yi miki ƙarya ba, da farko ban ma tuna ranar ba. Nives, matar da ke taya ni a kicin, ita ta tuna mini, kuma ba ta rage mini komai ba. Ta ce wata Alhamis ce a watan Yuli, da azahar, ina tsaye ina gyaran kifin sardin. Wata yarinya ta ɗaga labulen ƙofa, da jakar goyo, da waya a hannu, mijinta a bayanta rana ta gasa masa wuya. Ta yi gaisuwa da harshenmu amma da karin baƙi, ta fara cewa ita daga Argentina take. Ban bari ta kai ƙarshe ba. Ko wuƙar ban ajiye ba na ce, "A cike muke." Nives ta ce yarinyar ta ɗan tsaya tana kallon tebura, biyar daga cikin takwas ba kowa a kansu, ta buɗe baki kamar za ta ƙara magana, sai ta saki labulen. Na tambayi Nives me ya hana ta yi mini magana a lokacin. Ta ce shekara nawa tana yi mini magana, tukunyar polenta, tuwon masaran nan namu, ma ta fi ni sauraro, ita aƙalla in an tuƙa ta tana juyawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, an ba ni dama ta biyu ban gane ba. Washegari da safe a Rialto, Tullio mai kifi ya tare ni yana tambaya ko baƙuwar da ya turo mini ta ci ta ƙoshi. Ya ce ita ta zo har teburinsa tana neman hanyar wurina, ya zana mata a takardar naɗe kifi, don lambar gida a garin nan ba ta taɓa kai kowa ko'ina ba. Ya ce haɓarta sak ta marigayiya Inna, har ya so ya tambaye ta ko ita ma za ta ce ma'auninsa na cuta. Na ce masa tsufa ya fara taɓa masa ido, shi ya sa kwanan nan yake sayar mini da ƙaguwa duk ƙafa ba nama. Muka yi dariya, na ɗauki kwandona na tafi. Ashe a ranar tana nan cikin gari, kwana biyu suka rage mata. Da na tsaya na yi tambaya ɗaya, da na bi masaukai ɗaya bayan ɗaya har na same ta.

Kin san ba ni na ƙirƙiro wannan al'ada ba. Duk mai ƙaramin wuri irin nawa yana ajiye tebura saboda 'yan unguwa, don kada mutumin da aka haifa a lungun nan ya zo ya tarar baƙi sun cinye masa kujera. Baƙin nan kuwa ba su da iyaka, wani ya ce a barbaɗa masa cuku a kan kifi, wani ya yi ta ɗaukar hoton abinci har ya huce sannan ya ce ba zafi. Na rantse tun farko cewa maƙwabcina ba zai rasa wurin zama ba. Amma tun ran Talata nake tambayar kaina, wane maƙwabci? Teburin taga na Alvise maƙerin kwale-kwale ne, shekara biyar ke nan da muka raka shi makwanci. Na kusa da shi na tagwayen nan ne masu ɗinki, sun koma garin Mestre saboda hawan bene ya gagare su. Gidajensu yanzu masu jan akwati ne ke kwana biyu su wuce. Matattu da waɗanda suka ƙaura nake tsare wa kujeru, na kori jinina da ya ƙetaro teku. Da Dorina na nan da haka ba ta faru ba. Ita ke tsayawa a ƙofa, ita ke karanta fuska. Nakan ce a cike muke daga kicin, ita kuma ta ce kada a kula ni, hayaƙi ne ya shige mini kai, ta ja wa mutum kujera. Tun da ta tafi ba wanda ya duba fuskar kowa a gidan nan. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ashe ni tabarmar kawai na iya saƙawa.

Na sake karanta bayanin Noelia a hankali, kuma dole in faɗi gaskiya, yarinyar tana da kai. Ta ce a guji wurin da aka manna hotunan abinci a ƙofa, a guji wanda ya ajiye mai kiran ciniki a bakin hanya, a bi inda aka ji masu tuƙa jiragen ruwa na kaya suna cin abinci suna musu. Maganar Baba ce wannan, daga bakinki ta ji ta. Ita ce ta bi har ta kawo ta ƙofata, ba ta ɓata ko lungu ɗaya ba. Cikin bakwai ɗin nata biyu ba laifi, na uku ma zan iya zama in ci hanta da albasar da yake soyawa. Amma ki gaya mata na biyar ɗin da ta yaba wa kifinsa, ta ce ran Litinin ta ci, alhali kasuwar kifi ba ta ci ran Litinin. Daga firji aka ciro mata shi. Jikata ta zo garin kakanta an ba ta daskararren kifi, ni kuwa ina nan da sardin da albasa da zabibi da suka kwana biyu suna tsumuwa yadda Inna ke yi, na juye wa kuliyoyi ragowar.

Da zan iya cewa ta dawo in gyara, da na ce. Amma ta rubuta cewa shekara huɗu suka yi suna shirin wannan tafiya, ni kuma ba ni da shekara huɗu a bakin murhu. Ban gaya wa kowa ba sai Saverio: bayan bikin cocin Salute na watan gobe, in na dafa naman tunkiya da kabeji na ƙarshe, zan rufe. Saverio ba ya son ya gaje ni, ban kuma ga wanda zan danƙa wa wuƙata ba. Wanda zai karɓi ɗakin, kayan tsaraba na gilashi zai riƙa sayarwa a ciki. Ba allon da za a sauke, don ban taɓa kafawa ba, ina ganin wanda ya isa ya ci girkina zai nemo ni. Ta nemo ni kuwa. Zumunta a ƙafa take, ita ta taka tata, ni na tsaya da wuƙa a hannu.

Ban iya roƙo ba, Yaya, kin sani tun muna yara. Amma ki yafe mini, ki kuma ce wa Noelia kakanta na Venezia ya yi kuskure, ba shi da hujja. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki gaishe mini da Ruben da matarsa Graciela, da ƙanwar Noelia da ban san sunanta ba, wannan ma abin kunya ne a gare ni, da mijin Noelia da na bari a rana. Nives tana gaishe ki, Tullio ma ya ce a gaishe da ke, wai har yanzu yana tuna marin da kika yi masa a bakin rijiyar San Giacomo.

Abu ɗaya nake nema, kuma ba zan janye shi ba. Ban ce ta sa ni cikin bakwai ɗin ba, ba ta ɗanɗani girkina ba, kada ta yi ƙarya saboda ni. Layin nan na ƙasa, na mutumin da ba ya ɗaga kai, shi ne nawa, ni na saye shi da halina, kada ta goge ko harafi ɗaya. Amma ba zan yarda a ce da ni "mai wurin" ba, kamar wanda ba shi da uwa ba shi da uba. A fitowar jarida ta gaba ta sake buga shi, ta rubuta sunana cikakke a kai, ta ce ƙanen kakarta ne.

Naki har kullum, ƙanenki,
Ottavio Ballarin, ɗan Girolamo