Tambuwar da Ta Tsaya a Sidni

Cikin jirgin ruwa,
Talata da la'asar.

Zuwa ga matata Torika,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Mili. Yaya jikin Baba, mahaifinki? Ya iya cin wani abu kuwa yau? Ki gaishe mini da gwaggonki da ta ba ku wurin kwana. Ni jikina lafiya lau, hankalina ne ba a kwance ba. Kin san idan na kira ki shirme kawai nake yi, shi ya sa na ɗauki biro. In na gama zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Gobe da safe za mu shiga Sidni, tafiya ta ƙare. Wata tara ina gugar zannuwan gadon mutane a can ƙasan jirgin nan inda ko taga babu. Jirgin samanmu zuwa Nadi, can gida Fiji, ƙarfe ɗaya da rabi zai tashi, in Allah ya so jibi ina Kadavu. Da na so in tsaya a nan, amma akwai maganar da na ɓoye miki tun Juma'a.

Ranar da muka tsaya a Savusavu, a tsibirinmu na Vanua Levu, na sauka da hutun awa uku, sai ga Baffa Apakuki a bakin gaɓa yana dogara sanda. Tun asuba ya hau mota da ciwon ƙafar nan tasa. Ya ja ni gindin wata bishiya, ya shimfiɗa tabarma, ya kwance ƙunshi. Tori, tambuwar gidanmu ce, wadda ake kaiwa neman aure ko neman gafara. Haƙorin ƙaton kifin nan da kakana ya gada, wanda hayaƙi da man kwakwa suka mayar ja, da igiyarsa ta saƙar kwakwa. Ita kaɗai ta rage mana. Ya ce, "Ɗana, shekara tara ke nan da ka ɗauke 'yar mutane ba sallama. Na ji uban yana kwance. Ka kai wannan ka durƙusa, a binne maganar tun yana da numfashin da zai ce ya yafe." Na karɓa da hannu biyu, na tafa masa sau uku, hawaye na zuba a gaban masu yawon buɗe ido. Na saka ta a jaka na koma jirgi. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa fita da ita nake yi daga ƙasa.

Sai yau da rana da aka raba mana katin shiga Ostareliya. A ciki an tambaya ko kana ɗauke da haƙori, ƙashi ko wani sashe na dabba. Har na kai biro kan "a'a", don ni ban taɓa yi wa tambuwa kallon sashen dabba ba. Sai gabana ya faɗi. Sai da takardar izini ake fita da ita daga Fiji, sai da takarda ake shiga da ita nan, ni kuwa ba ni da ko ɗaya.

Na nuna wa Peni, taubashin nan nawa da muke ɗaki ɗaya. Ya yi ta dariya har yana riƙe ciki. Wai, "Mutanen Vanua Levu dai ba a raba ku da wauta. Kai da ka sace mace sukutum, haƙori ɗaya ne zai gagare ka? Cusa shi cikin takalmin aikinka, ka danna safa a kai. Karen nan na 'yan kwastan ko ya shinshina, suma zai yi." Na ce ya rufe mini baki. Amma ban daina tunanin maganar ba.

Ga yadda take. In na faɗa, za su karɓe. In na ɓoye suka gano, tara ce, su soke bizata, aikin jirgi ya ƙare mini. Na ce ko in bar wa Peni ya sauke ta in sun koma Fiji, ashe daga nan arewa za su nufa, sai bayan wata bakwai. Baba ba shi da wata bakwai, ke kika gaya mini.

Abin da ke cin raina ke ce. Kwana goma sha ɗaya kina ƙauyenku, kina hango rufin gidan ubanki daga tsakar gidan gwaggo, kina dafa masa miya wani yana kai masa. Ni na jawo miki wannan. Ina jin tsoro, Tori, ban kuma san abin da zan yi gobe ba. Ki sa ni a addu'a, kada ki gaya wa kowa tukuna.

Ki sumbaci Mili. Ki huta lafiya.

Naki har kullum,
Waisale


Filin jirgin saman Sidni,
Laraba da azahar.

Zuwa ga Maman Mili,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya, da fatan Baba ya samu sauƙi ko yaya. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi. Ina bakin ƙofar shiga jirgi. Ni dai na iso. Tambuwa ba ta iso ba.

Bari in gaya miki daga farko, kada ki ji a bakin wani. Na bi shawarar Peni. Da safe na naɗe ta da safa, na tura cikin takalmin aiki, na sa a ƙasan akwati, na cike "a'a" a kati. Ki yafe mini wannan.

Kin san mu ma'aikata mu ne ƙarshen sauka. Fasinja dubu biyu da ɗoriya, ana kiransu rukuni-rukuni, kowa da launin takardar da ke jikin akwatinsa, ga tsofaffi a keken guragu, ga wata da ta manta haƙoran robanta a ɗaki aka koma nema. Mu muna tsaye a lungu da kayanmu tun ƙarfe bakwai, ba a miƙo mana fasfo ba sai goma saura. Motar da za ta kai mu filin jirgi goma da rabi aka ce za ta tashi, ba ta jiran kowa.

A zauren kwastan layi biyu ne, na masu abin faɗa da na waɗanda ba su da komai. Na shiga na biyun. Saura mutum shida a gabana, ga karen can yana zagaya akwatuna, ni kuma zufa har cikin ido. Amma ba karen ne ya tsayar da ni ba. Tunawa na yi yadda Baffa yake wanke hannu kafin ya taɓa ta, ko a ƙasa ba ya yarda a ajiye ta. Na ce wa kaina, yanzu abin da zan ɗaga a gaban surukina in ce ya yafe mini, shi ne na fito da shi daga takalmin da nake taka ruwan wanki? Da ƙarya zan je neman gafarar sata? Kunya ta rufe ni. Na fita daga layi, na durƙusa a nan tsakiyar mutane na buɗe akwati, kamfaina a waje, na ciro ta, na goge da sabuwar rigar da na saya don Lahadi. Na roƙi sabon kati na koma ɗaya layin.

Wata ma'aikaciya ce ta karɓe ni, mai furfura, fuska ba wasa. Ta kai ni wani ɗan ɗaki, ta sa safar hannu, ta ɗaga tambuwar da yatsu biyu ta igiya kamar ta tsinci mataccen ɓera. Kin san zuciyata. Na ji jinina ya hau, amma na danne. Na ce, "Baiwar Allah, don girman iyayenki ki riƙe ta da hannu biyu. Igiya a ɗaya, haƙori a ɗaya." Ta dube ni ta saman tabarau, na ce shi ke nan na ɓata. Sai ta gyara riƙo yadda na ce. Ta tambaye ni ta mece ce, na gaya mata komai, har da yadda muka gudu a kwale-kwalen kamun kifi. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Na ji, kuma na yarda da kai. Amma doka ba tawa ba ce. Ba zan iya barin ka wuce da ita ba. Da a takalmi na same ta, da yanzu wata magana muke yi."

Ashe ta gan ni lokacin da na durƙusa.

Za su ajiye ta, in nemo takarda daga Suva, babban birninmu, wata kuma daga nan. Ta ce mako shida in an yi sa'a, kuma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta rubuta mini 'yar takarda mai lamba da hatimi, da sunana, da cewa ni da kaina na bayyana. Na roƙa, na sake roƙo. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da kwata. Ta ce, "Ɗan'uwa, ka tashi, kada ka rasa biyu."

Mota ta daɗe da tafiya. Na tari tasi, muka faɗa cunkoso, direban yana ta ba ni labarin ƙwallo ni ina kallon agogo. Na iso ana shirin rufe karɓar kaya, na yi gudun da rabona da shi tun ina makaranta.

Peni ya turo saƙo wai a Nadi akwai shagon da ke sayar da ta roba, in an shafa mai ba mai ganewa, balle tsoho mara lafiya. Ba zan yi ba. Amma ki sani na karanta saƙon sau uku kafin na goge.

Ga shi ana kiran layinmu. Ina zuwa hannu wofi, Tori, sai 'yar takarda a aljihu. In yayanki Sekove ya kore ni, da gaskiyarsa. Kada ki riga ni faɗa, ni zan faɗa da bakina.

Mijinki mai laifi,
Waisale


Kadavu,
Asabar da safe.

Zuwa ga Baffana Apakuki,

Ina gaisuwa cikin ladabi da girmamawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, da fatan Inna da duk mutanen gida suna lafiya. Baffa, na san ɗanka Kitione ya riga ya kira ka, ka ji cewa amanar da ka damƙa mini tana kulle a ofishin kwastan a ƙasar mutane. Laifina ne, ba na kowa ba. Zan bi ta har ta dawo ko da zan kwana a ƙofar ofis a Suva. Amma ya kamata ka ji yadda aka ƙare daga gare ni.

Kitione ya tarbe ni a Nadi kamar yadda ka umarta, don ya yi magana da yawun gidanmu. Da na nuna masa takardar sai ya zauna a kan akwatina. Ya ce, "To ni me zan riƙe ina magana? Rasit? Kai, Waisale, so kake a yi waƙa da mu har jikoki?" Ya yarda ya rako ni, amma ya rantse ba zai buɗe baki ba.

Jiya da hantsi muka shiga gidan. Dangin Torika sun cika ɗaki, an jingina surukina Ilisoni da matasai a can ƙuryar ɗaki, ya rame har ban gane shi ba. Torika tana waje a kan ciyawa da Mili, inda ta saba tsayawa. Na rarrafa zuwa tsakiyar tabarma. Kowa ya zuba wa hannuna ido. Na fito da takardar, na riƙe ta da hannu biyu kamar yadda ka koya mini riƙon tambuwa. Sai Sekove, yayan Torika, ya ce, "Raini ne ya kawo ka, ko hauka?" Wasu samari biyu suka miƙe. Baffa, na ɗauka dukana za a yi, kuma da ban rama ba.

Na yi maganar da kaina, ba tsari ba komai. Na faɗi sunanka da na kakana. Na ce gidanmu ya aiko da tambuwarsa ta ƙarshe, ni na kasa isowa da ita. Ban rage komai ba, har takalmin, har "a'a" ɗin da na fara cikewa, har ta robar da aka ce in saya. Na ce ban zo da abin da zai binne laifina ba, amma na ji tsoron in jira mako shida.

Tsohon ya daɗe idonsa a rufe, har na ji tsoron ko ya tafi ne. Sannan ya ce wa Sekove ya karanta masa abin da ke rubuce. Sekove ya karanta yana cije baki, ya zo wurin da aka ce ni na bayyana da kaina. Tsohon ya ce ya maimaita wurin. Ya maimaita.

Sai ya miƙo hannuwansa biyu, na ɗora masa takardar. Ya ce, da muryar da sai ka matso za ka ji, "Wancan karon ta bayan gida ka fita da abin da ba naka ba, ba ka gaya wa kowa ba. Wannan karon ka tsaya a layin masu faɗa. Na karɓa." Ya kai ta hanci ya sumbata kamar yadda ake yi wa ta gaske. Ya so ya tafa, ƙarfi ya gaza, dattawan suka tafa a madadinsa. Sekove ne na ƙarshe, amma ya tafa.

Surukata ta ɗauko kwalbar man kwakwa za ta shafa wa takardar, sai da Kitione ya yi tsalle ya riƙe hannunta, don lambar da ke jiki ce za ta karɓo mana haƙorin. Wannan ne kaɗai aikin da ya yi a tafiyar nan, ka tambaye shi.

Baffa, tsohon bai jira an gama dariya ba. Ya juya kai wajen ƙofar gefe, ta 'yan gida, ya ce, "Ina 'yar tawa? Ku ce ta shigo, rana ta yi zafi." Shekara tara, abin da ya ce ke nan. Torika ta shigo da rarrafe, ta kifa fuska a ƙafafunsa. Ni ma kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Yanzu da nake rubutun nan tana ciki tana ba shi miya da cokali, da hannunta. Cokali huɗu ya sha.

Ka gaishe da Inna, ka kuma yafe mini.

Ɗanka mai biyayya,
Waisale