Kada a Rataya Hotona a Bangon Ofis

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfaninmu na iri da taki, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina cikin matasan da ke hawa babur su kai wa manoma iri da shawara. An raɗa mini cewa hotona za a rataya a bangon ofis a matsayin Gwarzon Ma'aikaci na bana. Maimakon murna, tsoro ne ya kama ni, ga kuma dalilaina.

Na farko, na san tarihin ƙusar nan da ake rataya hoton. Hoton abokin aikina Nafi'u aka fara ratayawa a kanta. Ana gama tafi, Manaja ya ƙara masa yankin Miga a kan Kiyawa da yake riƙe da ita, wai shi ne mai iyawa. Da wani ya ajiye aiki, aka haɗa masa da Taura. Tsakiyar damina barci ya sace shi a kan babur, ya faɗa kwalbati. Yanzu yana gida, ko ƙarar waya ya ji sai gabansa ya faɗi. Ba a tuna da hotonsa ba sai da aka buƙaci ƙusar.

Na biyu, ban taɓa ganin an ƙara wa mai hoto girma ba. Ƙarin girma na masu zaman inuwar Manaja ne bayan la'asar, masu ɗaukar masa darduma, masu dariya tun bai gama labari ba. Ban ce shiri ba ne, amma zuciyata ta ƙi yarda dacewa ce. Kamar dai ana duba jakin da ya fi haƙuri ne a yi masa ado, sannan a ƙara masa buhu.

Na uku, idan mun ce mun gaji, sai a ce yaran yanzu ba su da juriya. Wallahi mun dage ne don mun yarda aiki shi ke ɗaga mutum. Yanzu ina farkawa a gajiye, aikin da nake so ya fita raina.

Roƙona, ranka ya daɗe: a raba yankuna da adalci, a bayyana ma'aunin ƙarin girma kowa ya ji, a je a duba Nafi'u. Idan hakan ba zai samu ba, a bar ƙusar nan haka. 'Yata ta fi buƙatar ganina a gida fiye da a bango.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya.

Wassalam.
Ma'aikacinka, Habibu